Birki kafin totur: yadda ake rubuta direban allon sarbo na ƙaramin injin CNC

Injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ɗin da ke kuryar shagona a Agege da hannuna na haɗa shi, kuma rabin kayansa daga wajen 'yan gwangwan suka fito. Moto uku na sarbo masu aiki da wutar DC, kowanne da enkoda, wato na'urar da ke ƙirga juyinsa, manne a ƙeyarsa, a Owode Onirin na tono su cikin tarkacen wani tsohon injin masana'anta. Mai kayan a sikeli ya ɗora su, ya yi mini kuɗin ƙarfe. Na dawo ina murna na tsinci dami a kala. Sai da na zauna na lura cewa da sauran rina a kaba: dole a samu allon da zai riƙa ba moton wuta daidai gwargwado, a kuma samu manhajar da za ta haɗa allon da kwamfuta. Wannan manhajar ita ake kira direba.

Yaron shagona ya taɓa tambayata, "Maigida, wai direban nan da kake kwana a kansa yana da lasin kuwa?" Na ce masa, "Kai dai miƙo mini mita." Amma tambayar ta yi mini amfani, don sunan yana ruɗar mutane. Direban manhaja ba ya tuƙi. Tafinta ne. Babbar manhaja ce ke lissafin inda bakin yanka zai bi, allo ne ke tura wuta, shi kuwa yana tsakiya yana kai magana yana kawo amsa. Abu uku kawai ke wuyansa: ya karanto inda moto yake, ya kai umarnin ƙarfin da za a ba shi, ya tsayar da komai da zarar magana ta yanke. Yawancinmu da na biyu muke farawa, saboda shi ne mai daɗi, ka danna ka ga ƙarfe ya juya. Ni ma haka na yi, na kuma biya kuɗin karatun da katakon mutane. Shi ya sa a nan da na uku za mu fara.

Ba kowa ke bukatar wannan wahalar ba. In moton stefa gare ka, mai tafiya taku-taku da bugu, manhajar GRBL a kan allon Arduino Uno ta ishe ka. In sarbon AC ne wanda ya zo da akwatinsa mai karɓar bugun taku da alamar alƙibla, ka haɗa shi kamar stefa ka huta. In kuma aljihunka da nauyi, katunan Mesa suna da direbansu a rubuce cikin LinuxCNC, mai suna hostmot2, wanda jama'a suka daɗe suna gwadawa. Ni lokacin da na duba, dala ta yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin dako, ga jira. Wannan bayanin na wanda ke da moto a hannu ne, da ɗan ilimin harshen C, da haƙuri.

Kwamfuta da allo

LinuxCNC nake amfani da ita. Asalinta wani aiki ne na hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai suna EMC, aka sauya mata suna a 2012. Siga ta 2.9 tana zuwa a kan Debian 12 da ƙwayar Linux mai PREEMPT_RT, wato wadda aka gyara don ta riƙa cika alkawarin lokaci. Alkawarin shi ne: sau 1,000 a kowane sakan za a tashi direbanka, ya yi aikinsa, ya koma. Kowane zagaye milisakan ɗaya ne, sunansa a manhajar `servo-thread`.

Tsohuwar kwamfutar tebur ta tokumbo daga Computer Village ta wadatar. Laftof kam ka bar wa masu ofis, dabarunta na tattalin batir suna sa ta yi gyangyaɗi a lokacin da bai dace ba. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, shiga BIOS ka kashe duk wani tsarin tattalin wuta, sannan ka kunna `latency-histogram`. Kada ka bar ta zaune tana hutawa. Buɗe bidiyo, kwafi manyan fayiloli, shiga intanet, ka bar ta haka na wasu awowi. In jinkirin ya tsaya ƙasa da mikrosakan 100, kana da sarari sosai. In yana taɓa milisakan ɗaya, mayar da ita ka canzo wata, babu kod ɗin da zai gyara wannan.

Allona a kan aisin (IC) STM32F103 na gina shi, ɗan shuɗin allon nan da ake kira Blue Pill, mai gudun megahaz 72. Yana da taima huɗu, wato ma'ƙirgan da ke cikin aisin, kuma lissafin ya zo daidai wa daida: TIM2 da TIM3 da TIM4 suna ƙirga enkoda uku da kansu ba tare da sun dami kod ba, TIM1 kuma yana fitar da PWM na moto ukun, wato bugun wutar da faɗinsa ke ƙayyade ƙarfin moto. Tarko biyu ne a nan. TIM3 da SPI1, hanyar magana da aisin sadarwa, ƙafafu ɗaya suke so, PA6 da PA7, don haka sai ka mayar da TIM3 zuwa PB4 da PB5, ka kuma kashe JTAG don PB4 ta samu 'yanci. Na biyu, aisin da bolt 3.3 yake aiki, enkoda kuwa galibi bolt 5 take fitarwa, kuma ba kowace ƙafa ke jure 5 ba. PA0 da PA1 ba sa jurewa. Sai ka rage wutar kafin ta shiga.

Tsakanin kwamfuta da allo kada ka yi amfani da USB. Yana da sauƙin haɗawa, amma shi ke zaɓar lokacin da zai kai saƙo, ba kai ba, kuma LinuxCNC ba ta yarda da shi a aikin motsi. Ni wayar Ethernet na ja kai tsaye daga kwamfuta zuwa aisin W5500 da ke kan allo, babu rauta a tsakani, kowane ɓangare da tsayayyen adireshinsa, saƙo kuma ta UDP. In katin sadarwar kwamfutarka na Intel ne, kashe masa ɗabi'ar tara saƙonni kafin ya sanar: `ethtool -C eth0 rx-usecs 0`, ka sa sunan katinka a gurbin eth0.

Mai gadi

Bari mu yi lissafi don ka ga abin da ake gudu. Motona yana kai juyi 3,000 a minti. Dogon sukurun da yake juyawa, irin mai ƙwallaye a cikin noti da ake kira 1605, yana tura teburi milimita 5 a kowane juyi. Wato milimita 250 a sakan. In kwamfuta ta sandare na rabin sakan alhali umarnin ƙarshe da allo ya ji shi ne "cikakken ƙarfi", bakin yanka ya ci milimita 125 kafin ka ce kwabo. Stefa in ya daina jin bugu tsayawa yake yi. Sarbo kuwa umarnin ƙarshe yake riƙewa har sai an ce masa bari.

Saboda haka layin farko da za ka rubuta a manhajar cikin allo shi ne mai gadi. Duk lokacin da ingantaccen saƙo ya iso, a mayar da agogonsa sifili. In milisakan 5 suka wuce shiru, PWM ya koma sifili, a kashe gadar mosfet, wato makunnan da ke ba moto wuta, a ɗaga tutar matsala. Tutar nan kuma kada ta sauka da kanta. Wannan shi ne inda na fara kuskure: na bari da zarar saƙo ya dawo allo ya ci gaba da aiki. A ɗan tsakanin nan kwamfuta ta riga ta yi gaba da lissafinta, tazara ta taru, moton ya yi wani irin zabura kamar akuyar da aka tsinke wa igiya. Yanzu sai na danna kashewa da kunnawa da hannuna kafin tutar ta sauka.

To in manhajar allon ce da kanta ta maƙale fa? STM32 yana da nasa mai gadin, IWDG, mai agogo daban. In ba a taɓa shi a kan kari ba sai ya sake tayar da aisin. A ɗan lokacin da aisin ke farfaɗowa ƙafafunsa a sake suke, don haka sa resisto mai jan ƙafar kunna gada zuwa ƙasa, yadda in ba wanda ya ce a kunna, a kashe take. Sannan jan maɓallin tsayawar gaggawa: wayarsa ta bi ta kontakta ta yanke wutar moto kai tsaye. Manhaja ta ji labari kawai, kada yankewar ta jira izininta.

Mu da ke Legas muna da ƙarin jarrabawa. Kwamfutata tana kan UPS, allon kuma a kan wutar shago yake. In aka ɗauke wuta muka koma janareto, allo ya mutu ya farfaɗo, ƙirgensa ya koma sifili, kwamfuta kuwa ba ta san an yi ba. Maganin ɗan bit ɗaya ne a cikin amsar allo mai cewa "yanzu na farka". Direba in ya gan shi sai ya ɗaga matsala, ni kuma in sake kai injin gida kafin in ci gaba. Ka kuma tuna da layin Z, mai hawa da sauka: sukuru mai ƙwallaye ba ya riƙe nauyi, da an yanke wuta injin yanka zai sulalo ƙasa ya soki aiki. Ko birki, ko sifirin, ko wani nauyi da zai daidaita shi.

Ƙunshin saƙo

Saƙon ya zama gajere, tsawonsa ɗaya kullum, ba rubutun da mutum ke karantawa ba. Ga nawa mai tafiya:

```
struct __attribute__((packed)) umarni {
    uint8_t  alama; /* kullum 0xA5 */
    uint8_t  jeri; /* yana hawa da 1 kowane zagaye */
    uint8_t  kunna; /* bit guda ga kowane moto */
    int16_t  karfi[3];
    uint16_t crc;
};
```

Amsa tana dawo da lambar jerin da aka aiko, da ƙirgen enkoda uku, da tutocin matsala da na makunnan iyaka. Fayil ɗaya na rubuta wannan tsarin a ciki, direba da manhajar allo duka daga nan suke ɗauka, don kada in gyara ɗaya in manta ɗaya. Wani zai ce Ethernet ai yana da nasa binciken kuskure, me ya kawo CRC, lambar binciken da ke ƙarshen saƙona? Gaskiya ne, amma binciken nasa a W5500 yake ƙarewa. 'Yan santimitocin wayar SPI da ke tsakanin W5500 da STM32 ba mai tsaronsu, kuma a nan suke kusa da mosfet masu tartsatsi. Lambar jeri kuwa ita ke tona asirin tsohuwar amsa da ta makara ta shigo a zagayen da ba nata ba. A allo, karanta taima ukun a jere a wuri ɗaya da zarar saƙo ya iso, don hoton X da Y da Z ya zama na lokaci guda.

Inda ƙirge ke kifewa

Enkodata mai layi 1,000 ce. Tana da waya biyu, A da B, waɗanda bugunsu ke bin juna da ratar rubu'in zango. Wanda ya riga wani shi ke nuna alƙibla. Taima tana ƙirga hawa da saukar kowanne, sai 1,000 ta zama 4,000 a juyi ɗaya. Raba da milimita 5, ka samu ƙirge 800 a kowane milimita. Wannan 800 ita ce sikelinka.

Wani Alhaji mai sayar da shanu a Oko-Oba ya kawo mini fallen ƙofa na maɗaci in sassaƙa masa zane. A lokacin duk gwajin da na yi a kan ƙananan allunan suna ne, waɗanda ba su kai tsawon yatsa biyu ba, kuma injin bai taɓa ba ni kunya ba. Na ɗaure katako, na kunna. Ya fara lafiya lau, layi sumul. Yana cikin tafiya sai ya yi wata ƙara ya zabura, ya tsaga zanen a karkace kafin LinuxCNC ta kashe shi. Na sake gwadawa a iska, ya sake yi a daidai wurin. Na auna: milimita 82 ba kaɗan daga inda na kunna allo. Na kwana ina zargin waya, ina zargin sukuru, har na zargi mai walda na kusa da ni. Da asuba bayan na dawo daga masallaci na ɗauki kalkuleta. Taimar F103 mai bit 16 ce, iyakarta 65,535, daga nan sai ta kife ta koma sifili. Raba 65,536 da 800: 81.92. Direbana ya ga lamba ta faɗo daga sama zuwa sifili, ya sanar cewa teburi ya koma baya da kusan milimita 82 cikin ƙiftawar ido, PID kuma, wato lissafin da ke ba moto ƙarfi gwargwadon tazarar inda yake da inda ake so, ya saki duk ƙarfin da yake da shi don ya cimma inda yake zaton an baro.

Da Alhaji ya zo na nuna masa. Ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ce, "Malam, injin ne ya yi ko kai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Na sayi wani fallen da kuɗina.

Gyaran layi huɗu ne. Kada ka taɓa ɗaukar lambar taima a matsayin wuri. Bambancinta da ta zagayen baya za ka riƙa tarawa:

```
int16_t bambanci = (int16_t)(sabo - tsoho);
tsoho = sabo;
jimla += bambanci;            /* int64_t */
*matsayi = (double)jimla / sikeli;
```

In tsohuwar lamba 65,500 ce sabuwa kuma 100, ragin a cikin bit 16 mai alama yana ba da 136, wanda shi ne ainihin tafiyar. Dabarar tana aiki muddin moto bai yi ƙirge 32,768 tsakanin karatu biyu ba. Nawa a iyakar gudunsa 200 yake yi a milisakan, ka ga akwai sarari. A saƙon farko bayan kunnawa, ka sa `tsoho` ya zama daidai da `sabo` kafin ragi, in ba haka ba tun a bakin ƙofa za ka yi tsalle. Masu STM32F407 suna da taima biyu masu bit 32, TIM2 da TIM5, amma ko su ina ba su shawarar su rubuta haka.

Ɓangaren LinuxCNC

A LinuxCNC komai ta HAL yake haɗuwa. Ka ɗauke shi kamar allon wayarin: kowane ɓangare yana fito da ƙafafunsa masu suna, kai kuma kana haɗa su da waya ta rubutu. Direbanka fayil ɗin C ne guda. A cikin `rtapi_app_main` za ka kira `hal_init`, ka nemi wurin ajiya da `hal_malloc`, ka ƙirƙiri ƙafafu da irin su `hal_pin_float_newf`, ka buɗe soket, ka miƙa ayyukanka biyu, na karatu da na rubutu, da `hal_export_funct`, ka rufe da `hal_ready`. Girkawa kuma `sudo halcompile --install sarbo.c`, bayan ka sa kunshin `linuxcnc-uspace-dev`.

Duk wani abu mai cin lokaci a can farkon za a gama shi. Cikin ayyukan nan biyu da ake kira sau dubu a sakan, babu neman sabon wurin ajiya, babu rubutu a faifai, babu buga saƙo a allon kwamfuta kowane zagaye, babu jiran da ba shi da iyaka. Soket ɗin da `MSG_DONTWAIT` nake karanta shi, in ɗan jira na ƙayyadadden lokaci, in amsa ba ta zo ba in wuce. In zagaye ɗaya ya faɗi, ina ƙiyasta wuri da gudun da aka gani a baya, don in ka bar lambar a tsaye PID zai ɗauka moto ya ci birki ya yi masa fizga. In uku suka faɗi a jere, matsala.

Jerin da ake kiran ayyuka shi ma magana ce:

```
addf sarbo.karanta          servo-thread
addf motion-command-handler servo-thread
addf motion-controller      servo-thread
addf pid.x.do-pid-calcs     servo-thread
addf sarbo.rubuta           servo-thread

net x-umarni joint.0.motor-pos-cmd  => pid.x.command
net x-rahoto sarbo.0.matsayi        => pid.x.feedback joint.0.motor-pos-fb
net x-karfi  pid.x.output           => sarbo.0.karfi
net x-kunna  joint.0.amp-enable-out => pid.x.enable sarbo.0.kunna
net x-cikas  sarbo.0.matsala        => joint.0.amp-fault-in
```

Karatu a farko, lissafi a tsakiya, rubutu a ƙarshe. In ka juya su injin zai yi aiki, amma da tsohon labari, kuma za ka sha wuya wajen saiti ba ka san dalili ba. In ka ci karo da tsohon bayani a intanet mai cewa `axis.0.motor-pos-cmd`, na kafin siga ta 2.8 ne, daga nan aka koma `joint`.

Ka lura PID a kwamfuta na bar shi, ban kai shi allo ba. Akwai masu kai shi allo don ya yi zagaye da sauri, kuma suna da hujja. Amma a kwamfuta kana ganin kowace lamba a halscope, manhajar LinuxCNC mai zana hawa da saukar lambobi, kana canza ta injin na tafiya. Ga mai koyo, abin da ido ke gani ya fi.

Aikin rubutawa ɗan kaɗan ne. In `kunna` a kashe take, aika sifili. In a kunne take, mayar da lambar PID zuwa faɗin bugun PWM ka datse ta a iyaka. PWM ɗina kilohaz 20 ne, sama da abin da kunne ke ji, wanda a agogon megahaz 72 yake ba da matakai 3,600. Ba na barin ya wuce kashi 95 cikin 100, domin aisin da ke tura mosfet irin IR2104 yana bukatar mosfet na ƙasa ya riƙa kunnuwa don ɗan kafasitonsa ya sake cika.

Ranar da moto zai fara juyawa

Kwance mahaɗin da ke tsakanin moto da sukuru. Ɗaure moton a benci da kilam, don sarbo in ya zabura yana iya faɗowa ƙasa. Kada ka haɗa PID tukuna. Buɗe `halrun`, loda direba, juya sandar moto da hannu juyi ɗaya cif, ka duba da `show pin`: ya kamata ka ga milimita 5. In ka ga 1.25 ko 2.5, taima ba ta ƙirga duk gefuna huɗu ba.

Sannan ka ba shi ɗan ƙarfi mai alamar ƙari, kamar kashi 5 cikin 100. Dole lambar wuri ta riƙa hawa. In sauka take yi, alamarka a juye take, kuma da ka haɗa PID a haka, duk gyaran da zai yi ƙara ɓarna ne, moto ya gudu da iyakar ƙarfinsa. Musanya A da B, ko ka sa wa sikeli alamar ragi. Bayan nan, moto na juyawa, zare wayar Ethernet. Ya mutu nan take? Mayar da wayar. Ya ci gaba da zama a mace? Sai yanzu ka cancanci haɗa PID. A fayil ɗin INI ka sa `FERROR` da `MIN_FERROR`, su ne iyakar tazarar da LinuxCNC za ta lamunta tsakanin inda ta ce a je da inda aka je. Ka ɗan sassauta su lokacin saiti, milimita biyu ko uku, amma kada ka buɗe su gaba ɗaya don sun dame ka da kashe inji. Su suka hana fallen Alhaji rabewa biyu.

Wajen saiti, wata dabara ta rage mini rabin aiki. Na sa direba ya ɗauki lambar PID a matsayin milimita a sakan: 250 na nufin cikakken ƙarfi. Da haka `FF1` yake zama kusan 1, kuma shi ke ɗaukar yawancin kayan, tunda yana ba moto wutar da ta dace da gudun da ake so tun kafin kuskure ya bayyana. Fara da I da D a sifili, P ɗan kaɗan. Buɗe halscope ka sa ido a kan `joint.0.f-error`, kana kai teburi gaba da baya. Gyara `FF1` har kuskuren tsakiyar tafiya ya kwanta kusa da sifili a duka alƙibla biyu. Ƙara P har moto ya fara gurnani, ka ja baya, ka sa D kaɗan ya kwantar da shi. Ƙahonnin da ke fitowa wajen tashi da tsayawa aikin `FF2` ne, kuma lambarsa ƙarama ce ƙwarai. I a ƙarshe, in ma ana bukatarsa. In moto yana rawar sanyi a tsaye, yana kai da komo tsakanin ƙirge biyu, sa `deadband` ya ɗan ɗara ƙirge ɗaya. A wajena ƙirge ɗaya milimita 0.00125 ne, sai na sa 0.0015. Saitin benci na share fage ne kawai, in ka ɗaura sukuru da nauyin teburi sai ka sake.

Wani abu da zai iya ruɗa ka: teburi na cin birki daga babban gudu sai wuta ta ɗauke. Ba kod ba ne. Moto in yana rage gudu janareto yake zama, ya turo wuta baya, akwatin ba da wuta ya ga bolt ya hau ya kashe kansa. Babban kafasito a layin wutar, ko resiston da zai ƙone rarar, shi ne magani.

Ƙirgen da ke ɓacewa

Akwai ciwon da ba ya nuna kansa a halscope. Ka yi aikin awa biyu, ka dawo sifili, ka tarar bakin yanka ya kauce da rabin milimita, alhali manhaja na rantsuwa tana daidai. Hayaniyar wuta ce ke shiga wayar enkoda ana ƙirga ta a matsayin tafiya. Injin yanka mai inbata yana haifar da ita, walda ma haka. Enkoda tana da waya ta uku, ita ma Z ake ce mata amma ba layin Z ba ce, mai bugu sau ɗaya a kowane juyi, sai na mayar da ita mai duba jarrabawa: duk lokacin da Z ta buga, allo ya adana ƙirgen, direba ya duba ko tazararsa da na baya ta rabu da 4,000 ba saura. In da saura, wata ƙafa mai suna `sarbo.0.batattu` ta hau. Da wannan na gano cewa ɓatan yana faruwa ne kawai in injin yanka na aiki.

Shagon da nake haya ba shi da wayar ƙasa ta gaskiya, ramin soket na uku ado ne kawai. Na kafa sandar atin a bayan shago, na haɗa jikin inji da akwatin allo a wuri ɗaya. Na raba hanyar wayar enkoda da ta moto, na sa waya mai sulke murɗaɗɗiya, na karɓi siginar bibbiyu ta aisin AM26LS32, na kuma kunna matatar da ke bakin taimar STM32. In za ka raba wutar ɓangarorin biyu ta ofto, ɗan aisin da ke wuce sigina da haske, 6N137 za ka nema a Alaba. PC817 da ke cike da kasuwa ba ya iya bin bugun enkoda in gudu ya yi gudu. Da damina kuma, laimar garin nan tana sa bakin soket ya yi kore, sai ka riƙa dubawa.

Gwajin ƙarshe da'ira ce. Yanka mai faɗin milimita 100 a kan guntun MDF, ka auna da baniya ta fuska huɗu: tsaye, kwance, da karkace biyu. In tsaye da kwance sun bambanta, sikelin ɗayan layin ne ba daidai ba. In karkace biyun ne suka bambanta, X da Y ba sa bin umarni da jinkiri iri ɗaya, koma kan `FF1` da P. In ka ji ɗan tudu da yatsa a wurare huɗun da layi ke juya alƙibla, noti ne ke da wasa ko teburi na cijewa, wannan kuwa aikin sifana ne.

Duk ranar da na taɓa kod, ko layi ɗaya ne, kafin katakon kowa ya hau teburi sai na ɗaga Z sama, na sa injin yana zagaya da'irar nan a iska, in ce wa yaron, "Zare." Ya fizge wayar Ethernet, mu ji motocin sun yi tsit, ya mayar, mu tabbatar ba wanda ya motsa. Daga nan ya kashe wutar allo ya kunna, in duba ko tutar "yanzu na farka" ta tashi. Sannan ya ɗauko katako.